Lasisin Masu Tsara Cikin Gini: A Yi Shi, Amma Kada A Rufe Mana Ƙofa

A hutun da ya biyo bayan ND I, lokacin da aka watsa mu SIWES, ni na faɗa wani ƙaramin kamfani a Kano da ke aikin tsara cikin gidaje da ofisoshi, abin nan da yanzu kowa ke kira interiya. Wata huɗu na yi a wurin. Rabin aikina riƙe tef ɗin awo ne da sayo wa masu POP ruwan leda, amma dai ido ya ga abubuwa.

Ana saura sati uku in gama aka kai mu wani zauren biki da ake gyarawa, irin waɗanda suka cika gari yanzu, mai cin mutum ɗari biyar in an matsa. Ƙofa uku gare shi: babbar ta gaba, ta gefe da ke bi ta kicin, sai wata ta baya. Mai wurin ya ce ta bayan nan tana ɓata masa hoto, don daidai nan yake so a kafa dandamalin ango da amarya. A toshe ta da katako, a lulluɓe da yadi, a jera fitilu.

Na ce, “Oga, wannan fa ita ce ta gudu in wani abu ya taso.” Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, “Ke ’yar koyo, Alhaji ya fi ki sanin kuɗinsa.” Shi kuwa Alhajin da ya ji, dariya ya yi, ya ce, “’Yata, ai Allah ne ke tsarewa.” Na ce haka ne, Alhaji. Na ja bakina na yi shiru, don littafin SIWES ɗina yana hannun Oga, kuma bai sa hannu ba tukuna. Aka toshe ƙofar. Silin ɗin kuma aka yi masa rufin roba mai sheƙi, aka ratayo farin yadi tun daga tsakiya har bango, wayoyin fitilun ado suna bi ta cikinsa, an haɗa bakinsu da salatif.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, duk cikinmu babu wanda ya sa hannu a kan komai. Babu takardar da ke cewa wane ne ya yanke shawarar rufe ƙofar nan. In wuta ta tashi gobe, Oga zai ce Alhaji ne ya ce, Alhaji zai ce ai ƙwararru ya ɗauko, kafinta zai ce shi aikin da aka nuna masa ya yi. Kuma babu abin da za a iya ƙwacewa a hannun Oga, don ba shi da lasisin da za a ƙwace. Washegari zai buɗe sabon shafi a Instagram da sabon suna, aiki ya ci gaba.

Kafin wannan rana, ni ina cikin masu cewa lasisi wata hanyar tatsar mutane ce kawai. Yanzu na sauka daga wannan ra’ayi, amma ban koma ɗaya ɓangaren gaba ɗaya ba, kuma dalilin rubutun nan ke nan.

Mu a nan, mai zanen gini yana da ARCON tun 1969. Injiniya yana da COREN tun 1970. Magini yana da CORBON tun 1989. Duk waɗannan doka ce ta kafa su, su ke riƙe da rajista, su ke iya soke sunan mutum. Mai tsara cikin gini kuwa ƙungiya gare shi, IDAN, wadda Titi Ogufere ta kafa a 2007, matar da daga baya ta shugabanci ƙungiyar masu wannan sana’a ta duniya, IFI. Ba ƙaramin abu ba ne wannan. Amma katin ƙungiya ba lasisi ba ne. Wanda ya ga dama ya shiga, wanda bai ga dama ba ya kama aikinsa, ba mai tambayarsa.

Mutane suna ɗauka aikin nan zaɓen kalar fenti ne da labule. Akwai wannan a ciki, ba musu. Amma wanda ke tsara cikin zauren biki shi ke yanke inda mutum ɗari biyar za su bi cikin duhu da hayaƙi, mata da dogayen takalma da goyo, tsofaffi da sanduna. Shi ke zaɓen abin da za a manna a silin, kuma wani kayan in ya kama wuta narkewa yake yi yana ɗigowa a kan mutane, hayaƙinsa ma kaɗai ya isa kisa. A watan Satumba na 2023, a garin Ƙaraƙosh da ke kusa da Mosul a Iraƙi, aka kunna wasan wuta a cikin zauren biki ango da amarya suna rawa. Silin ya kama, kayan da aka yi rufin da su masu saurin cin wuta ne, sama da mutum 100 suka rasu a dare ɗaya. Da na ga hotunan zauren kafin gobarar, wallahi jikina ya yi sanyi, don ba shi da wani bambanci da wuraren da muke zuwa dina a nan. Tun a 1942 aka yi irin wannan a Boston ta Amurka, a wani gidan rawa mai suna Cocoanut Grove: itatuwan ado na bogi da yadin da aka lulluɓe silin da shi suka kama, ƙofar gaba mai juyawa ta cushe da mutane, wasu ƙofofin a kulle, mutum 492 suka mutu. Bayan wannan ne aka tsananta dokokin cewa ƙofar gudu a wurin taro waje za ta riƙa buɗewa, kuma a bar ta ba kulle. Duk waɗannan ba ginshiƙi ne ya karye ba. Ado ne ya yi kisa.

To in haka ne, me ya hana in ce a kafa doka kawai, duk wanda ba shi da rajista ya bar sana’ar?

Gwaggona ce ta hana. Shekara talatin tana jere. Babu amaryar da aka kai a danginmu da unguwarmu da ba ita ta shirya mata ɗaki ba, tun zamanin kwalla da langa da tasa har zuwa yau da ake maganar kujerun Turkiyya. Tana shiga ɗaki za ta gaya miki gadon nan ba zai zauna a nan ba, ƙofar kwabet za ta daki taga, ba tare da ta riƙe tef ba. Ni da na yi zangon karatu guda ina zana ɗaki a takarda, sai na auna sau biyu. Da kuɗin jeren nan ta aurar da ’ya’yanta uku bayan rasuwar mijinta. Ran nan na ce mata, “Gwaggo, kun san akwai ƙasar da aka taɓa cewa sai da lasisi za a yi irin aikinku?” Ta ajiye tsintsiya ta ce, “Lasisi kamar na mota? To ’yar nan, wa zai yi mini jarrabawar? Wanda na yi wa uwarsa jere?”

Ba Gwaggo kaɗai ba ce. Ku duba hostal ɗin mata. Mu nawa ne muke biyan kuɗin makaranta da adon wurin kamu da suna, da ɗinkin labule, da manna takardar bango? Ga masu POP, ga masu tayil, ga kafintocin da suka koyi aiki a hannu tun suna yara. Kuma tsara cikin ɗaki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa da za a ce jiya ya iso daga Dubai. Duk wanda ya taɓa shiga tsohon ɓangaren Masallacin Juma’a na Zariya ya ɗaga kai ya ga bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a ƙarni na 19, ya san cewa ciki da ado tare maginanmu suke tunaninsu. Su ma suna da nasu tsarin tantancewa, akwai Sarkin Magina, kuma yaro ba ya zama gwani don ya ce shi gwani ne. Dokar da za ta zo ta mayar da jikokin waɗannan mutane masu laifi don ba su da kwali, ni ba na goyon bayanta.

Amurkawa sun riga mu shiga wannan rigima, kuma akwai darasi a yadda ta kaya musu. A can kowace jiha da tata dokar, amma kusan duk inda ake rajista jarrabawa ɗaya ake nema, NCIDQ, wadda ake amfani da ita har a Kanada. Kashi uku ce, kuma ba tambayar wace kala ta dace da wace ake yi ba. Ana tambayar dokokin gini, hanyoyin fita in gobara ta tashi, kayan da ke jure wuta, yadda mai keken guragu zai shiga banɗaki ya juya, da yadda ake rubuta kwangila. Kafin mutum ya kammala kuma sai ya haɗa karatu da aiki a ƙarƙashin ƙwararre.

Dokokin nasu iri biyu ne. Akwai mai kare suna kawai: kowa yana iya aikin, amma ba za ka kira kanka “mai rajista” ba sai ka ci jarrabawa. Akwai kuma mai kare aikin kansa: in ba ka da lasisi, ba za ka taɓa shi ba. Yawancin jihohin da suka yi doka ta farkon suka ɗauka. Waɗanda suka ɗauki ta biyun kuwa wasu sun sha wuya. Alabama ta yi irin ta a 2001, ta faɗaɗa ma’anar sana’ar har ta kama mai ba da shawarar fenti da kayan ɗaki, sai kotun ƙolin jihar ta rushe dokar a 2007. Filorida ta shafe shekaru tana tilasta lasisi ga masu aikin gine-ginen kasuwanci, sannan a 2020 ta sassauta, ta mayar da rajista ta zama ta ganin dama, wanda ke son hatimin sa hannu a kan zane ya je ya yi. A Ingila ma sunan mai zanen gini ne doka ta kare, mai tsara ciki kuwa rajistarsa ta ƙungiya ce.

Wani zai ce to ai ga shi nan, su ma sun ja da baya, mu bar kaza cikin gashinta. Sai dai a tuna, su da suka sassauta suna da jami’in da ke zuwa ya duba gini kafin a buɗe shi ga jama’a, ya ƙirga ƙofofi, ya rubuta adadin mutanen da wurin zai ɗauka a manna a bango. Ko mai tsarawa ba shi da lasisi, akwai wani a gaba da zai tare kuskurensa. Mu fa? Muna da kundin dokar gini na ƙasa tun 2006, amma ku tambayi duk wanda ya yi SIWES a wurin gini sau nawa ya ga an buɗe shi. Izinin gini ma, inda ake nemansa, a kan ginin farko ake nema. Bayan nan mai gida yana iya fasa bango, ya toshe ƙofa, ya mayar da sito zauren biki, ba wanda zai leƙo.

Don haka ga inda na tsaya. A raba aikin gida biyu. Ɗakin amarya, falon gida, labule, fenti, adon wurin suna a tsakar gida, a bar su ga duk mai hannu da ido. In aiki bai yi kyau ba, matan unguwa sun isa hukunci, ba za a sake kiran mutum ba. Amma duk wurin da jama’a ke taruwa, zauren biki, otal, asibiti, makaranta, babban kanti, kada a taɓa cikinsa sai da zane mai ɗauke da suna da lamba da hatimin wani mai rajista, wanda in ya toshe ƙofa za a iya kiransa a ƙwace lambar. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In kuma aikin ya kai ga taɓa ginshiƙi ko bangon da ke ɗauke da nauyi, wannan ya fita daga hannunmu, na injiniya ne, kuma mai rajista na gaskiya shi zai fara faɗin haka.

Da akwai wannan tsari, Oga ma da ya samu abin fakewa. Da ya ce, “Alhaji, ba ni na ƙi ba, lambata za a karɓe.” Ni ina ganin ba mugunta ce ta sa ya toshe ƙofar ba. Ya san in ya ƙi, akwai mutum goma a waje da za su karɓi kwangilar kafin la’asar.

Yanzu ga abin da ya shafe mu kai tsaye, mu ’yan kwalejin fasaha, kuma shi ya sa na kawo maganar wannan mujalla maimakon in bar ta a hirar aji. Ko ba daɗe ko ba jima za a rubuta wannan doka, don sana’ar tana girma kuma akwai kuɗi a cikinta. Ranar da za a rubuta ta, su wa za su zauna a teburin? Mun san yadda aka saba yi mana. Sai an gama komai mu buɗe takarda mu ga an rubuta digiri, mu kuma an ajiye mu a wani layi na ƙasa da wani suna na daban. Kudirin soke bambanci tsakanin HND da digiri ma ya wuce Majalisar Tarayya a 2021, bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba. Masu zanen gini kuma ba lallai su yi maraba ba, don a Amurka a da ƙungiyarsu ta daɗe tana adawa da ba masu tsara ciki nasu lasisin, tana ganin filinta ne ake yanka.

Abin da ya burge ni a tsarin NCIDQ shi ne bai rufe wa mai difloma ƙofa ba. Mai digiri a fannin yana buƙatar awa 3,520 na aiki a ƙarƙashin ƙwararre, wato kusan shekara biyu. Mai difloma ko karatun da bai kai digiri ba, in ya cika adadin darussan da ake nema, awa 5,280 zai yi, kusan shekara uku. Daga nan jarrabawa ɗaya, satifiket ɗaya, suna ɗaya. Hanyarmu ta fi tsawo da shekara, na yarda, ba zan yi gardama a kan wannan ba. Amma wuri ɗaya take kaiwa. Irin wannan nake so mu nema: a gwada mu a kan abin da muka sani, wanda ya faɗi ya faɗi, ko daga ina kwalinsa ya fito.

Sai dai in za a kwaikwayo, a kwaikwayo da ido buɗe. Batun aiki a ƙarƙashin ƙwararre yana da tarko, kuma ni na taɓa shiga shi. Wata huɗu kacal Oga ya riƙe mini littafi, na ga ana toshe ƙofa na yi shiru. To ina ga wanda za a riƙe masa na shekara uku? Dole a samu hanyar da awannin mutum za su riƙa shiga rajista kai tsaye duk bayan ’yan watanni, yadda in ya bar wani ogan ba zai koma farko ba. Sannan wa zai sa wa ɗan Gusau ko Damaturu hannu in masu rajistar farko duk suna Legas da Abuja? A yarda mai zanen gini ko magini mai rajista ya tsaya masa. A kawo cibiyar jarrabawa Kano da Kaduna da Maiduguri. Kuɗinta kuma kada ya kai wanda sai ɗan mai hali. Masu aikin hannu, su masu POP da kafintoci da masu haɗa waya, NBTE tana da tsarin NSQF da ke iya tantance wanda ya koyi sana’a a bakin aiki ya ba shi shaida. A bi ta nan a koya musu abin da ke cin wuta da abin da ba ya ci, da Hausa in ta kama, tunda su ke riƙe da guduma.

Na san abin da wasunku ke cewa a zuci: Najeriya ce fa, lasisin ma sayensa za a yi. Ban ce ƙarya kuke ba. Benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi a watan Nuwamba na 2021 ya kashe sama da mutum 40, alhali ARCON da COREN da CORBON duk suna nan da ransu. Takarda ba ta riƙe gini. Amma bayan ruftawar an samu abin bincika: wa ya zana, wa ya amince, hawa nawa aka ba da izini, wa ya yi gargaɗi aka ƙi ji. A zauren da na yi aiki ko wannan babu.

Mu ma da namu laifin. Ni ɗalibar fasahar zanen gini ce, saura ’yan watanni in karɓi ND, amma in aka ce in lissafa faɗin ƙofofin da mutum ɗari biyar ke buƙata don su fice cikin gaggawa, sai na koma littafi. Mun fi ba da ƙarfi ga zanen da zai yi kyau a allo ranar kare furojet. Ba za mu je muna neman a ba mu hatimi ba alhali abin da hatimin ke nufi bai zauna mana ba. Ina roƙon ƙungiyar ɗaliban sashenmu ta nemi ’yan kwana-kwana su zo su yi mana ko da yini ɗaya ne kafin zangon nan ya ƙare, kuma ƙungiyar ɗalibai ta rubuta wa NBTE da IDAN a hukumance cewa duk ranar da za a zauna kan rajistar masu tsara cikin gini, ’yan difloma suna son kujera. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sauran maganar ta kwamitin walimar ’yan ajin ƙarshe ce. Na ji an kusa biyan kuɗin zaure. Don Allah kafin ku biya, ku je da rana, ku ɗaga duk labulen da ke jikin bango ku ga abin da ke bayansa, ku tura kowace ƙofa ku ga ko tana buɗewa, kuma ta wane ɓangare. Ku gaya wa mai kiɗa ba ma son wasan wuta a ciki. In kuna son mai rakiya, ina ɗakin zane na ND II kusan kullum bayan azahar, kuma ina da tef.